Reshen Da Za Ki Kai Mango

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba. Allah Ya tsare ki a hanya, Ya tsare ki a masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba ki da kowa.

Gida ɗaya muke kwana, amma ga ni ina rubuta miki takarda kamar wadda ke wata ƙasa. Kin san dalili. Ke ce ta fari, kuma sunan mahaifiyata aka sa miki. Ban taɓa kiran sunanki ba, ban kuma iya zama in dube ki in yi doguwar magana. A gaban mota nake rubutun nan, a tasha, ana yi mini lodin siminti. Na sauka na hau har masu lodi sun fara tambaya ko cikina ne ke ciwo. Ba ciki ba ne. Jibi za ki tafi garin Mango, can arewa, aikin ungozoma a asibitin gwamnati, kuma tun ranar da takardar ta zo na kasa zama wuri ɗaya. Ki yi haƙuri da rubutun, da girma na koye shi.

Jiya na ga kwalba a bayan randa, da rassan itacen furen nan, kakakin mala'iku, a ciki, har sun fara fitar da farin saiwa. Na gane ke kika yanka, da su za ki tafi. Ban hana ki ba. Amma itacen nan ni na kawo shi gidanmu, kuma babu irin kuskuren da ban yi a kansa ba, ƙanana da babba. Gara ki ji daga bakina.

Lokacin da na auri uwarki ina jigilar koko da kofi daga duwatsun Palime zuwa tashar jirgin ruwa. Ƙauyensu yana can sama, inda gajimare ke sauka har ƙofar ɗaki, ko da rana tsaka sai ka nemi mayafi. A bayan ɗakin kakarki itacen yake, furanninsa farare, dogaye kamar kakaki, duk sun sunkuyar da kai ƙasa. Da rana ba ya cewa komai. Magariba na yi sai ƙamshi ya cika gidan. Uwarki ta musulunta, ta karɓi suna Adiza, ta biyo ni tsohon Zongon Lome, cikin yashi da kwanon rufi da zafi. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Sai dai nakan gan ta da yamma a bakin ƙofa tana shaƙar iska, ga shi babu abin da iskar ke kawowa sai warin tafki da hayaƙin masu tsire. Shi ya sa a wata tafiya na roƙi kakarki reshe.

Masu boko suna da sunansa da Faransanci, mu muka mayar da shi kakakin mala'iku. Liman na wancan lokaci da ya ji sai ya ce, "Mala'ika ɗaya na sani da ƙaho, kuma ranar da ya busa babu mai tsayawa jin ƙamshi." Aka yi dariya, sunan ya zauna.

Kuskurena na farko, a tsakiyar gida na dasa shi. Uwarki ta ce, "Maigida, sa shi bayan katanga. A garinmu ma ba ya tsayawa a rana." Na ce ai fure don a gani aka yi shi. So nake duk wanda ya shigo ya tambaya, in ce daga kan dutse na kawo. Kullum azahar sai ganyen ya yi laƙwas kamar tsumma a igiya. In ɗebo ruwan rijiya in kwarara, alhali rijiyoyin tsohon Zongo duk gishiri ne. Bakin ganye ya ƙone, ya zube, sandar ta bushe. Uwarki ta tumɓuke ta ta sa a murhu.

To, ki nemi gabashin bango, inda ranar safe za ta taɓa shi ta wuce kafin hantsi ya yi ƙarfi. Ruwan da ba za ki iya sha ba, kada ki ba shi. Kuma duk abin da kika ji kina son yi don a gani, ki dakata ki sake tunani. Za ki isa garin da ba a san ki ba, da farar riga da Faransanci a baki. Kada ki tsaya a tsakiyar gida.

Bari in sauka, suna jera buhuna a gefe ɗaya, motar za ta karkata.

Na dawo. Reshe na biyu a rabin ganga muka dasa, da ƙasar da na ɗebo daga kan dutse da takin shanu da ya daɗe, a ƙarƙashin mangwaro. Ya kama. Ya yi ta tsawo, sanda ɗaya miƙe, ganye faffaɗa, amma fure babu. Shekara ta zagayo, babu. Da na ga ya rabu biyu a sama kamar gwafa, sai na ce ƙarfinsa ne ke rarrabuwa, na sa wuƙa na datse wajen. Uwarki ta dawo daga kasuwa ta ajiye kwando ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo, Maigida! Wurin nan ne fure ke fitowa! Sai ya yi gwafa yake haihuwa!"

Na ce me ya sa ba ta faɗa mini ba. Ta ce, "Ka tambaye ni?"

Muka sake jira. Da ya sake yin gwafa, ya fitar da ƙananan kunnuwan fure, sai zafin watan Maris ya zo, duk suka zube ƙasa ba su buɗe ba. Raina ya ɓaci. Na karɓo takin zamani wajen manoman koko na zuba masa da yawa, kamar mai dukan jaki don ya yi sauri. Ya kusa mutuwa. Sai a watan Agusta, lokacin da iskar teku ke yin sanyi rana ta ɓuya, ba tare da na yi masa komai ba, ya buɗe. Ranar uwarki ta shimfiɗa tabarma kusa da gangar, ta ci tuwonta a nan, tana waƙa da yarensu. Kina goye a bayanta.

Abin da na koya shi ne, a lokacin zafi ba a neman fure wajensa. A bar shi da rai kawai. Ki rufe gindinsa da busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa don ƙasa ta riƙe sanyi. Ki ba shi ruwa da sassafe, in ya yi laushi da yamma ki ƙara. Ki riƙa ɗaga ganyen kina duba ƙasansa, akwai wasu 'yan ƙwari jajaye kamar garin barkono masu yin saƙa, zafi ne ke kawo su, ruwa ake watsa musu. Taki kuma sai sanyi ya shigo. Na yi shekaru ina hawa hanyar arewa, na san zafin Mango, na Lome wasa ne. Wataƙila duk da haka ya mutu. In ya mutu kada ki ɗauka gazawarki ce. Ke ma watanninki na farko a can ba za su yi daɗi ba. Kada ki yanke hukunci a kan gari, ko aiki, ko wani mutum, a lokacin da ranki ke tafasa. Ni duk abin da na datse da fushi, daga baya na gane wurin amfanin ne na datse.

Yanzu na zo inda nake ta kewayawa tun ɗazu.

Kina da wayo lokacin da aka tashe mu daga tsohon Zongo, aka turo mu nan bayan gari, gaba da unguwar Agbalepedo. Kin tuna motocin rusau, kin tuna mata na kuka a kan tarkacen ɗakunansu. Ranar na yi ta kwasar kayan mutane. A sawu na ƙarshe na ɗora namu, da gangar a can baya, rana na tsakiyar ka. Wanda ya hau bayan motar ya jiƙa tabarma ya riƙe ta a kan itacen tun daga cikin gari har nan, shi ne Yaya Garba mahauci, wanda kuke kira Baba Garba. Shi da aka rushe masa gida da rumfa rana ɗaya. Da muka iso yana haki, ya ce, "Sani, in matarka ta rasa wannan ma, me ya rage mata?" Ba uwa ɗaya ta haife mu ba, amma shi ya karɓe ni ina saurayi, shi ya je neman aurena kan dutse, shi ya yanka ragon sunanki.

Yaya Garba yana da fuka. A sabon wuri ta tsananta, ga damshi ga baƙin ciki. In ta taso masa, daga zaurenmu kana jin ƙirjinsa na kuka. Wata rana a tasha wani mai sayar da magani ya ga fure ɗaya da na ajiye a gaban mota. Ya ce ai wannan ɗan'uwan zaƙami ne, maganin fuka ne sadidan. Ban san mutumin ba, ban sake ganinsa ba. Amma na dawo gida da murna, na tsinko ganye da fure na kai wa Yaya Garba, na ce, "Yaya, an ce magani ne, ka gwada."

Ban tambayi uwarki ba. Kuma ba zan ce ban sani ba sam, domin an taɓa yi mini gargaɗi. Akwai ranar da na taɓa ruwan itacen na murza ido, ƙwayar idon ta buɗe ta yi baƙi ƙirin, na kasa kallon haske, na kasa tuƙi. Na san abin ba na wasa ba ne. Son a ce ni na warkar da shi ne ya rufe mini ido.

Matarsa ta dafa masa ya sha da safe. Aka yi rashin sa'a ranar ce mai ƙasa, shugaban ƙasa da kansa, zai wuce ta babban titi zuwa arewa. An fito da kowa, 'yan makaranta da matan kasuwa da mu direbobi, an jera mu a bakin titi da atamfa mai hotonsa, ana kiɗa ana rawa ana waƙar yabo. Ke ma kina can cikin layin makarantarku. Sai ga Yaya Garba ya fito ba riga ba hula, yana kama wani abu a iska da yatsu, yana kiran sunan uwarsa da ta daɗe da rasuwa. Da ya ga motocin rakiya sun taho, sai ya ɗauka motocin rusau ne suka dawo. Ya shiga tsakiyar titi yana ihu, "Ga su nan! Ɓarayin gida! Sun cinye Zongo, sun biyo mu nan ma!" Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Mina, yaren 'yan gari, babu wanda bai ji ba. Ya fizge hoto daga hannun wata mata ya yaga.

Kiɗa ya tsaya. Masu kaki suka rufe shi da duka, suka jefa shi a mota.

Ina tsaye kusa, har na ga idonsa. Ƙwayar ta buɗe baƙi ƙirin, irin yadda nawa ya yi. Nan take na san abin da ya faru. Duk titin nan ni kaɗai na san ba siyasa ce ke magana ba, itacen gidana ne. Amma ban matsa ba. Na ce a raina, in na buɗe baki za a ce ni na ba shi don ya yi haka, a haɗa da ni, wa zai ciyar da ku? Da aka ce a ci gaba da tafi, na tafa.

Da yamma na faɗa wa uwarki gaskiya. Ta ce, "To, tashi mu je mu faɗa." Na ce sai da safe. Da safe na ɗauki lodi na tafi Palime, na sauke, na ƙi dawowa. Na ce mota ta lalace. Ina kwana a cikinta, lafiyarta lau.

Abin da uwarki ta yi, daga baya na ji. Ta yanki reshe da furensa, ta naɗe a zane, ta je wajen Liman. Liman ya ji tsoro, ya ce a yi addu'a. Ta ce, "Malam, a yi addu'a, amma ka sa takalminka." Suka je wajen sarkin Zongo. Daga nan ta nemi wani likita ɗan ƙasarsu na kan dutse, wanda ya san itacen tun yana yaro. Ta zauna a ƙofar ofishinsa har ya fito. Ta kwance zanen ta ce masa da yarensu, "Ka san wannan. Mutum ya sha, yana hannunsu, za su kashe shi a kan maganar da ba tasa ba." Likitan ya yi ta kallon furen. Shi ma yana da 'ya'ya, shi ma yana tsoro. Amma ya je, ya yi bayani inda ake jin maganarsa. Uwarki ba ta zagi kowa ba, ba ta ambaci mai ƙasa ba. Da aka tambaye ta wa ya ba shi, ta ce, "Daga gidana ya fito." Ba ta kira sunana ba.

Bayan makonni aka sake shi. Ya dawo yana jan ƙafa, kunnen hagu ya daina ji. Masu sayen namansa suka watse, kowa na gudun a gan shi a rumfarsa. Ni kuma na dawo na ɗauki adda zan sare itacen. Uwarki ta tsaya a gabansa ta ce, "Itace bai je gidan Garba da ƙafarsa ba." Na ajiye addar. Shi ne muka kewaye shi da shingen nan da kika sani, wanda ake dukan ku in kun tsallaka.

Don haka ki ji da kyau. Ganyensa, furensa, 'ya'yansa, saiwarsa, duk guba ne. In kin taɓa ki wanke hannu kafin ki kai ido ko baki. Kada ki dasa shi inda yara ke wasa ko awaki ke kiwo. Mata za su zo gidanki, za su ga fure a gidan ma'aikaciyar asibiti, su ɗauka magani ne. Za su roƙe ki don fuka, don naƙuda, don rashin barci. Ko ganye ɗaya kada ki bayar, ko da za a ce ke marowaciya ce. In ba za ki iya tsare shi ba, ki bar kwalbar a bayan randa ki tafi, babu wanda zai ga laifinki. Kuma duk maganin da ba ki sani ba, ki ce ban sani ba. Wannan kalma da na faɗe ta ranar, da Yaya Garba na ji da kunne biyu.

Abu na biyu ya fi wuya. Za ki ci albashin gwamnati, kuma kin san zamanin da muke ciki, bango ma yana da kunne. Ba na ce ki yi ihu a titi ba. Ina son ki da rai, ina son ki dawo. Ki kama bakinki a kan manya, ki tafa in an ce a tafa. Amma wata rana za ta zo da ke kaɗai kika san gaskiyar abin da ya sami wani, kuma shirunki zai iya kashe shi. Ranar kada ki yi irin nawa. Ki yi irin na uwarki. Ki ɗauki abin da kika sani a hannu, ki nemi wanda ake jin maganarsa, ki zauna a ƙofarsa har ya fito.

Sun gama lodi, suna buga mini ƙofa. Su jira.

Tun daga lokacin, ni da Yaya Garba sai gaisuwar masallaci. Bai taɓa yi mini gori ba, ko da ido. In na hango shi a layi sai in canja hanya. Uwarki ta gaji da cewa in je. Ita take kai musu abinci da salla, ita take zuwa duba shi in fukar ta tashi. Ban taɓa taka zaurensa na ce ya yafe mini ba. Kullum ina cewa sai na sami ranar da ta dace, har gemuna ya yi fari.

Shekaranjiya matarsa ta tare uwarki a famfo. Ta ce jikin ya yi nauyi, ba ya iya fita ko masallaci. Ta ce ya ji labarin tafiyarki, ya yi murna har da hawaye, sannan ya ce, "'Yar Sani za ta tafi ba ta zo na sa mata albarka ba? Ni fa na yanka ragonta."

Uwarki ta kawo mini maganar tana tankaɗe, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Yarinya za ta je. Kai kuma ka san inda motarka take lalacewa."

Uwata, gobe bayan sallar asuba ki shirya. Ba ke kaɗai za ki je ba. Zan wuce gaba, ni zan yi sallama. In kin ga na tsaya a bakin zaure ina gyaran hula, kada ki ji kunyata, ki ce, "Baba, mu shiga." In mun shiga ki zauna ta damansa, ta nan yake ji. Ki bar ni in fara magana, kuma duk abin da kika ga ubanki ya yi a ɗakin nan, kada ki kawar da kai.

Takardar nan uwarki za ta miƙa miki da la'asar. In kin karanta ki sa ta a murhu, akwai maganganun da bai kamata su hau mota ba.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya raba ki da sharrin hanya da sharrin baki. Allah Ya sa albarka a hannunki, duk matar da ta durƙusa a gabanki ta tashi da ɗanta a raye. Allah Ya ba Yaya Garba sauƙi, Ya kai mu goben da rai, ni da shi.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sani direba